Layi ɗaya a kan tsinken gwaji: yaya ake auna amfanin binciken César Milstein?

A tsakiyar daminar bara wata 'yar ƙanwata mai shekara shida ta kwana da zazzaɓi, jikinta ya yi zafi rau, sai na ɗauke ta da sassafe zuwa kemis ɗin unguwarmu. Kakarta ta biyo mu da mayafi a kafaɗa, tana faɗa tun daga ƙofar gida cewa zazzaɓin damina ba ya buƙatar dogon bincike, a ba yarinya maganin maleriya kowa ya huta. Mai kemis ɗin, wanda tsohon ma'aikacin lafiya ne da ya yi ritaya, ya ce mata, "Hajiya, ki yi haƙuri a gwada tukuna, ba zai ɗauki lokaci ba." Ya yage wata 'yar leda ya fito da wani farin roba da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, ya goge yatsan yarinyar da auduga, ya ɗan soka mata allura, ya ɗiga jinin a wani ƙaramin rami, ya bi shi da ɗigon wani ruwa, sannan ya ajiye a kan tebur ya dubi agogo. Bayan minti 15 layi ɗaya ne kawai ya fito. Ya ce ba maleriya ba ce, mu kai ta asibiti a duba mata maƙogwaro da kunne, kuma da muka je can ɗin ne aka samu matsalar.

Abin da ke kwance a cikin wannan farin roba, wanda ake sayarwa a kuɗin da bai kai na kwanon abinci a gidan cin abinci mai kyau ba, ya samo asali ne daga wani aiki da mutum biyu suka yi a birnin Kambirij na Ingila a shekarar 1975. Babu sunansu a jikin ledar, mai kemis bai san su ba, kuma su kansu ba maleriya suke nema wa gwaji ba. Ɗaya daga cikinsu, César Milstein, shi ne nake son in yi magana a kansa, domin tarihin aikinsa ya sa na daina yarda da yadda muke auna amfanin mai bincike, ko a ofisoshin gwamnati ko a kwamitocin ƙarin girma na jami'o'i. Ra'ayina shi ne ma'aunan da muke riƙe da su, wato ƙirga maƙalu da tambayar me binciken zai haifar nan da shekara biyu, da an ɗora su a kan Milstein a lokacin da yake tsakiyar aikinsa da sun nuna shi a matsayin mutumin da ke ɓata kuɗin jama'a.

Jikin ɗan Adam yana ƙera wani nau'in furotin da ake kira antibodi, wanda shi ne makamin garkuwar jiki. Kowane antibodi an yi shi ne daidai da abu guda da zai kama, kamar yadda makulli yake buɗe kwaɗonsa shi kaɗai. Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne yawan ire-irensu. Jiki yana iya ƙera antibodi a kan ƙwayar cutar da kakanninmu ba su taɓa haɗuwa da ita ba, har ma a kan sinadarin da aka haɗa jiya a ɗakin gwaje-gwaje, alhali ƙwayoyin gadon da mutum ya karɓa daga iyayensa ƙididdigaggu ne. Ta yaya ƙaramin littafin umarni zai ƙunshi tsarin miliyoyin makullai? Wannan tambaya ce Milstein ya ɗauka a 1963, kuma bai ajiye ta ba har ya bar duniya. Tambaya ce da ba ta yi alkawarin magani ba, ba ta yi alkawarin riba ba, kuma da an tambaye shi a ranar da ya fara wane majinyaci ne zai amfana, da ba shi da amsar da zai bayar tsakaninsa da Allah.

An haifi Milstein a 1927 a garin Bahía Blanca na ƙasar Ajantina. Mahaifinsa Bayahude ne da ya yi ƙaura daga yankin Yukiren, mahaifiyarsa kuma malamar makaranta ce. Ya karanta ilimin sinadarai a Jami'ar Buenos Aires, ya yi digirinsa na uku yana aikin wucin gadi a wani ɗakin gwajin jini domin ya riƙe kansa, sannan a 1958 ya samu tallafin karatu zuwa Kambirij, inda ya haɗu da Fred Sanger, mutumin da ya ci kyautar Nobel sau biyu. A 1961 ya koma gida da niyyar zama, aka ba shi shugabancin sashen nazarin ƙananan sinadaran halitta a cibiyar binciken ƙwayoyin cuta ta ƙasa, wadda aka fi sani da sunan Malbrán. Shekara guda bayan haka sojoji suka kifar da gwamnatin Shugaba Arturo Frondizi, aka tsige daraktan cibiyar, Ignacio Pirosky, aka kori wasu daga cikin ma'aikatan da ke ƙarƙashin Milstein, shi kuma ya ajiye aiki domin nuna ƙin amincewarsa. A 1963 ya koma Kambirij, Sanger ya ba shi wuri a ɗakin binciken da Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya take ɗaukar nauyinsa, ya kuma ba shi shawarar ya juya ga antibodi.

Shekara 12 ya yi yana wannan aiki kafin abin da duniya ta san shi da shi ya zo. Matsalar da ta addabi kowa a fagen ita ce jinin dabba ko na mutum cike yake da dubban ire-iren antibodi a cakuɗe, ta yadda ba za a iya ware guda a yi nazarinsa ba. Hanya ɗaya da ake da ita ita ce wata kansar ɓargo da ake kira miyeloma, inda ƙwayar halitta guda mai ƙera antibodi take haukacewa ta yi ta hayayyafa ba iyaka, duk 'ya'yanta suna fitar da antibodi iri ɗaya tak. Milstein ya yi ta renon irin waɗannan ƙwayoyi na ɓera a cikin kwalabe, shi da abokan aikinsa suna tace dubbansu ɗaya bayan ɗaya suna neman wadda ta canza, domin su ga ko sauye-sauyen da ke faruwa a cikin ƙwayoyin gado ne ke haifar da bambancin. Abin da suka samu kaɗan ne ƙwarai. Kuma akwai wani cikas: babu wanda ya san abin da antibodin miyeloma yake kamawa, makulli ne da ba a san kwaɗonsa ba.

A 1974 wani matashi Bajamushe mai suna Georges Köhler ya zo daga cibiyar nazarin garkuwar jiki ta Basel domin ya yi aiki tare da shi. Dabarar da suka ɓullo da ita tana da sauƙin bayani. A yi wa ɓera allurar abin da ake so a kama, wanda a gwajinsu na farko jajayen ƙwayoyin jinin tunkiya ne. Saifar ɓeran za ta cika da ƙwayoyin da ke ƙera antibodi a kan wannan abu, sai dai waɗannan ƙwayoyi suna mutuwa cikin 'yan kwanaki idan aka fitar da su daga jiki. Ƙwayar miyeloma kuwa ba ta mutuwa, amma abin da take ƙerawa ba shi da amfani. Sai suka narkar da biyun suka zama ƙwaya guda 'yar ruwa biyu, wadda ta gaji sanin aiki daga saifa, ta gaji rashin mutuwa daga kansa. Bahaushe ya san alfadari, wanda ya ɗauko ƙarfin doki da juriyar jaki, sai dai alfadari ba ya haihuwa, wannan kuwa haihuwa ce sana'arta. A ware guda a rene ta, za ta cika kwalba da zuriyarta, kuma duk za su riƙa zubo antibodi iri ɗaya, mai kama abu ɗaya, yau da gobe da shekara 20 masu zuwa. Shi ne ake kira antibodi monokulonal, wato wanda ya fito daga zuriyar ƙwaya ɗaya.

Köhler ya sha ba da labarin daren da ya je duba sakamakon, inda ya ja matarsa ta raka shi domin yana tsammanin zaman banza zai yi, sai ya ɗaga faranti na farko ya ga fararen da'irori inda antibodin ya fasa jinin tunkiyar, ya kurma ihu. Maƙalarsu ta fito a mujallar Nature ranar 7 ga Agusta, 1975, shafuka uku kacal, kuma a jimlarta ta ƙarshe suka ambata a taƙaice cewa irin waɗannan ƙwayoyi za su iya yin amfani a harkar lafiya da masana'antu. Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne bayan wannan nasara dabarar ta ƙi aiki a hannunsu har tsawon watanni, sai da wani mai bincike ɗan Italiya, Giovanni Galfrè, ya gano cewa ɗaya daga cikin ruwan da ake renon ƙwayoyin da shi ne ya gurɓace, ya kuma inganta hanyar narkar da su. Ina so mai karatu ya riƙe waɗannan watanni a ransa, domin a tsarin da ake neman rahoton ci gaba duk wata uku, a nan ne za a yanke wa mutum tallafi.

Wani jami'in Majalisar Binciken Lafiya da ya ji bayanin Milstein ya aika da maƙalar ga hukumar NRDC, wadda a lokacin ita ce ke da alhakin yi wa ƙirƙirar da aka yi da kuɗin gwamnatin Birtaniya rajistar mallaka. Amsar da hukumar ta bayar a watan Oktoba na 1976 ta shiga tarihi: ta ce da wuya ta iya gano wani amfani na nan take da za a iya mayarwa kasuwanci. Ba a yi rajistar ba. Daga baya abin ya zama abin gori a siyasar Birtaniya, har Firayim Minista Margaret Thatcher tana cikin waɗanda suka yi suka. Mutane suna son ba da wannan labari domin a yi wa jami'an dariya, ni kuwa ban ga abin dariya ba. Tambayar da aka ɗora musu ita ce ko akwai amfani na nan take, kuma amsar gaskiya a 1976 ita ce babu wanda ake gani. Laifin yana ga tambayar. Ita ce kuma tambayar da har yau ake rubutawa a saman fom ɗin neman tallafin bincike a ƙasashe da yawa, ciki har da tamu.

Amfanin ya zo, amma da tafiyar hawainiya. Masu bincike ne suka fara cin gajiya, domin sun samu abin da za su bambance ƙwayoyin jini da shi, waɗanda a ƙarƙashin madubin likita duk kamarsu ɗaya. Daga nan aka samu tsarin sunayen da ke farawa da CD, kuma duk mai ɗauke da cutar ƙanjamau da aka taɓa ƙirga masa CD4, wato ƙwayoyin garkuwar jikin da cutar ke kashewa, da irin wannan antibodi aka ƙirga. Sai gwajin rukunin jini kafin ƙarin jini, sai tsinken gwajin ciki da mace take yi a ɗakinta, sai tsinken gwajin maleriya irin wanda aka gwada yarinyar nan da shi. Magani na farko, wanda ake ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda don kada jiki ya ƙi ta, sai a 1986 Amurka ta amince da shi, shekara 11 bayan maƙalar, kuma bai yi armashi sosai ba, saboda jikin mutum yana ɗaukar antibodin ɓera a matsayin baƙo ya yaƙe shi. Har an fara cewa abin zuzutawa ce kawai. Sai da Greg Winter, a wannan ɗakin bincike na Kambirij, ya gano yadda za a ɗauko bakin makullin kaɗai daga ɓera a dasa shi a jikin antibodin mutum, sannan hanya ta buɗe. Rituximab na kansar jini ya fito a 1997, trastuzumab na kansar mama a 1998, adalimumab na ciwon gaɓɓai a 2002, kuma wannan na ƙarshe ya kai ga cinikin sama da dala biliyan 20 a shekara guda. A yau magungunan da suka fito daga wannan tushe sun haura 100. Milstein da Köhler sun karɓi kyautar Nobel a 1984 tare da Niels Jerne, tun kafin ko ɗaya daga cikin waɗannan magunguna ya shiga kasuwa, Köhler kuma ya rasu a 1995 yana da shekara 48, bai ga mafi yawansu ba.

To a ɗauko ma'aunan zamani a gwada. Akwai lambar da ake ba mujallu, wadda ke ƙirga sau nawa aka ambaci maƙalunsu a cikin shekara biyu da fitowarsu. Akwai kuma lambar da ake ba mutum, wadda wani masanin kimiyyar fiziks, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro a 2005, kuma abin mamaki shi ma haifaffen Buenos Aires ne. Ba na cewa waɗannan lambobi ƙarya ne, kuma maƙalar 1975 ta samu ambato dubbai daga baya. Abin da nake cewa shi ne suna ƙirga maganar da masana ke yi a tsakaninsu, kuma akwai matakin da aiki yake kaiwa a daina ambatonsa saboda ya zama ruwan dare, kamar yadda ba wanda yake ambaton wanda ya fara haƙa rijiya idan zai sha ruwa. Ɗaruruwan miliyoyin tsinken gwajin maleriya da ake rabawa duk shekara ba su ƙara wa Milstein maki ko ɗaya a wata lamba ba. Masana da kansu sun gane haka, shi ya sa a 2012 wasu editoci da masu bincike suka fitar da sanarwar San Francisco, wadda ta nemi a daina auna mutum da lambar mujallar da ya buga aikinsa a ciki.

A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Duk wanda ya taɓa zama kusa da malamin jami'a a Najeriya lokacin da ake haɗa takardun ƙarin girma ya san yadda lissafin yake: maƙala nawa, a mujallar gida ko ta waje, kai ne na farko a jerin suna ko na biyar. Sakamakon wannan lissafi a bayyane yake. Aikin da ya kamata ya zama maƙala ɗaya mai nauyi sai a yanka shi gida huɗu, abokai su riƙa sa wa juna suna a aikin da ba su taɓa gani ba, kuma mujallun da ke buga komai muddin an biya kuɗi su samu kasuwa. Wani abokina da ke koyar da ilimin ƙwayoyin cuta ya taɓa nuna mini injin daskarewar sashensu, ya ce samfuran da ya tara na shekara biyu sun narke a mako guda da aka ɗauke wuta, janareta kuma babu mai. Tun daga nan ya koma raba takardun tambayoyi, domin takarda ba ta narkewa kuma makinta ɗaya ne da na gwaji. Ban ga laifinsa ba. Mutum yana bin inda aka ajiye masa lada ne.

Na san abin da za a ce mini, kuma magana ce mai nauyi. Ƙasar da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya suke cikinta, wadda asibitocinta na karkara ba su da ruwan famfo, ba ta da halin ciyar da mutum shekara 12 yana bin sha'awar zuciyarsa a kan ɓera. Na yarda da rabin wannan. Ba na neman a kwashe kuɗin rigakafi a kai ɗakin gwaje-gwaje, kuma gaskiya ne cewa a cikin masu irin wannan bincike goma, tara ba za su gano wani abin a zo a gani ba. Inda na rabu da masu wannan ra'ayi shi ne zatonsu cewa ana iya gane na goman tun da wuri a ba shi kuɗin shi kaɗai. Hukumar NRDC tana da ƙwararru, an ajiye mata aikin a gabanta bayan an gama shi, amma ba ta gane ba. Abin da Birtaniya ta yi daidai shi ne ta zaɓi mutane kaɗan masu ƙwazo, ta tara su a gini ɗaya, ta ba su kuɗi mai ɗorewa ba tare da ta tsare su da ƙirgen maƙala ba. Wannan bai fi ƙarfin ƙasa irin tamu ba idan aka taƙaita shi ga cibiya ɗaya ko biyu da wutarsu ba ta ɗaukewa, maimakon a yayyafa ɗan abin da ake da shi a kan jami'o'i fiye da 200 ta yadda ba inda zai jiƙa. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ranar da annoba ta zo ba ranar fara horar da masanin garkuwar jiki ba ce.

Ajantina ce ta fi ba ni tausayi a wannan labari. Ita ta haife shi, ita ta karantar da shi kyauta, ya koma da ƙafarsa domin ya yi mata aiki, rikicin siyasa ya kore shi cikin shekara biyu. A 1966 kuma 'yan sanda suka afka wa Jami'ar Buenos Aires da kulake, ɗaruruwan malamai suka ajiye aiki, da yawa suka bar ƙasar. A yau 'yan Ajantina suna lissafa Milstein a cikin gwarazansu uku na Nobel a kimiyya, tare da Bernardo Houssay da Luis Leloir, kuma suna da gaskiyarsu, amma ribar tana wani wuri. Kuɗin da Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya ta samu daga rajistar ayyukan Winter ya kai ɗaruruwan miliyoyin fam, kuma da wani ɓangarensa aka gina sabon ginin ɗakin binciken da aka buɗe a 2013. Jami'in da ya sa hannu a takardar korar ma'aikatan Malbrán a 1962 bai san abin da ya kora ba, kamar yadda ba wanda zai iya faɗa mana abin da muka rasa a watanni takwas da jami'o'inmu suka yi a rufe a 2022, lokacin da matasan malamai da dama suka nemi biza.

Akwai wani ɓangaren labarin da ake yi wa ado fiye da kima, wato batun rashin rajista. Ana cewa Milstein ya bar wa duniya ƙirƙirarsa kyauta, shi ya sa kowa ya amfana. Gaskiya ne ya riƙa aika wa masu bincike ƙwayoyinsa ba tare da karɓar ko kwabo ba, kuma wannan ya sa dabarar ta bazu cikin sauri. Amma abin da Kambirij ta bari, wasu sun ɗauka. Cibiyar Wistar ta Filadelfiya, wadda shugabanta Hilary Koprowski yana cikin waɗanda Milstein ya aika wa ƙwayoyi, ta samu rajista a 1979 da 1980 a kan antibodin da ke kama kansa da ƙwayoyin bairos. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Daga nan kowane mataki na gaba aka kewaye shi da shinge, kuma kyautar da aka yi a tushe ba ta hana reshe tsada ba.

Wannan ne ya sa amfanin aikin Milstein ya rabu gida biyu idan aka dube shi daga inda muke. Rabin gwaji ya iso mu. Tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2010 cewa a gwada duk wanda ake zargin yana da maleriya kafin a ba shi magani, tsinken ya shiga ƙauyukan da ba su taɓa ganin madubin likita ba, kuma yanzu akwai irinsa na gano sikila a jarirai daga ɗigon jini. Dalilin araharsa shi ne antibodin da ake shafawa a tsinke ɗan mitsitsi ne. Rabin magani kuwa ya tsaya a hanya, domin majinyaci yana buƙatar mai yawa, ana ƙera shi a manyan tankuna masu tsada, ana ajiye shi a sanyi, ana ba da shi ta jijiya. Lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da kwafin trastuzumab mai rahusa a ƙarshen 2019, ta ce matsakaicin kuɗin na asalin ya kai dala 20,000. Matar da ke da irin kansar maman da wannan magani yake yi wa aiki a Kano ko Damagaram, ita da danginta sun san ma'anar wannan adadi. Kusan kashi 80 cikin 100 na cinikin waɗannan magunguna a Amurka da Kanada da Turai ake yinsa. Idan za a rubuta tasirin Milstein da gaskiya, dole a rubuta wannan a shafi ɗaya da biliyoyin, kuma ba a kansa laifin yake ba.

Inda rabin maganin ya fara tsallakowa, za a tarar akwai masanin gida da ya daɗe a wurin yana aiki. A 1995, lokacin annobar Ebola a garin Kikwit na Kwango, Jean-Jacques Muyembe ya gwada ƙara wa majinyata jinin waɗanda suka warke. Shekaru bayan haka, daga jinin ɗaya daga cikin waɗanda suka tsira a Kikwit aka ware antibodin da ya zama maganin Ebola, aka gwada shi a gabashin Kwango a 2018 da 2019 ana tsakiyar rikici, Amurka ta amince da shi a 2020. A Mali, masu bincike na jami'ar Bamako tare da abokan aikinsu na Amurka sun gwada wani antibodi da ake ba mutum sau ɗaya kafin damina, sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna ya kare manya daga kamuwa da maleriya da kusan kashi 88 cikin 100 na tsawon wata shida. Damina ɗaya ke nan cur, a ƙasar da yanayinta irin namu ne. Tazarar da ke tsakanin Kikwit da amincewa da maganin shekara 25 ce, kuma babu kwamitin ƙarin girman da ke jiran mutum haka.

Kakar yarinyar nan ba ta gamsu da layi ɗaya ba a ranar. A hanyarmu ta zuwa asibiti ta ce mini, "Kai dai ka cika yarda da kayan Bature, ni na reni 'ya'ya tara ban taɓa ganin roba ta san zazzaɓi ba." Ban yi musu da ita ba, domin shakkarta ba ta rasa tushe gaba ɗaya. Furotin ɗin da yawancin tsinkayen suke nema, wanda ake kira HRP2, yana iya zama a jini makonni bayan an warke, sai tsinke ya nuna layi biyu ga wanda ciwonsa daban ne. Abin da ya fi wannan tayar da hankali shi ne an samu ƙwayoyin maleriyar da suka zubar da ƙwayar gadon da ke ƙera furotin ɗin baki ɗaya, ta yadda mutum yana kwance da cutar tsinke yana cewa lafiyarsa ƙalau. A Peru aka fara ba da rahoton haka a 2010, kuma a 2016 abin ya yi yawa a Eritiriya har ƙasar ta sauya irin tsinken da take amfani da shi. Gano ko irin waɗannan ƙwayoyi sun fara yawa a Katsina ko Maraɗi aiki ne na wanda zai yi shekaru yana tattara jini daga ƙananan asibitoci, yana ajiye shi a injin da ba ya narkewa, yana karanta ƙwayoyin gadon cutar samfuri bayan samfuri, kuma mai yiwuwa a shekara biyar na farko abin da zai iya rubutawa bai wuce maƙala ɗaya ba, mai cewa bai ga komai ba tukuna.